Ranar da Zalɓen Hajaratu Ya Shiga Rediyo

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan kasuwar Gulma da hantsi ya san muryar Hajaratu, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Murya ce mai ɗan kaushi daga ƙasa, kamar ana jan tabarma a kan yashi, amma in ta hau sama sai ta wanke tas. A gidanta ake gumin shinkafa: a jiƙa ta, a turara a rabin ganga, a shanya, sannan a kai inji. Kafin inji ya zo garin da turmi ake yi, mata shida ko bakwai a jere, Hajaratu na ba da waƙa suna amsawa. Inji ya karɓe aikin turmi, waƙar kuwa ta zauna. Yau tana da shekara sittin da 'yan kai, amma in tana baza shinkafa da ƙafa a wurin shanya, bakinta ba ya hutawa.

'Yar masunta ce. Su tara aka haifa a ɗakinsu, biyu suka rayu: yayanta Sahabi, sai ita. Shi ya koya mata iyo a kan gora, shi ke zare mata ƙayar kifi kafin ta kai baki. Da ta isa aure ta auri wani manomin shinkafa, Riskuwa, wanda ke zaune a wata 'yar tunga cikin fadama, tsallaken ruwa daga Gulma. Ta haifi Mansura, aka daɗe shiru, sannan Allah ya kawo namiji, aka sa masa Abbas.

Shekarar da Abbas ya cika uku ruwa ya zo da hauka. Tungar ta zama tsibiri. Wata safiya mazan suka loda awaki da buhuna a jirgi ɗaya tilo da suke da shi, suka nufi tudu mai nisa. Ba su daɗe da tafiya ba zazzaɓin da yaron ya kwana biyu da shi ya juye, ya fara sanƙarewa, ido na kafewa. Hajaratu ta goya shi, ta keta ruwa iya ƙirji har ta kai wani ɗan tudu, inda mashigi ɗaya kaɗai ya rage tsakaninta da gaɓar Gulma. A can gaɓar kuwa ga Sahabi tsaye, ya zo duba jirgin mahaifinsu da ke ɗaure.

Ta kira shi. Ya ji, ya gan ta, ya ga goyon. Ya kwance igiya, ya sa ƙafa ɗaya cikin jirgi. Ruwan na tafe da itatuwa har saiwarsu, ga wata saniya ta wuce ƙafafu sama. Sahabi ya daɗe yana kallo. Sai ya fitar da ƙafar, ya mai da igiya ya ɗaure, ya juya ya shige bayan giginyu. Ta ci gaba da kira, ba ta sake ganinsa ba. Sai da yamma mazan tunga suka dawo suka haye da ita, kuma kafin su kai bakin hanyar mota yaron ya cika a bayanta. A Gulma aka rufe shi. Sahabi bai je jana'iza ba. Mako na zagayowa ya tattara ya koma Birnin Kebbi, ya kama aikin gadi, bai sake taɓa jirgi ba.

Babu wanda ya san su biyun sun ga juna a ranar. Ko Riskuwa, har ya koma ga Allah, abin da ya sani shi ne ruwa ya tare ta. Shekara ashirin da ɗaya ita da yayanta ko gaisuwa, dangi na zaton rigimar gado ce. Sai da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali ta sa aka kira su, ta haɗa hannuwansu a kan ƙirjinta ta ce, "In kunka sake rabuwa bayana, ban yahe ba." Tun daga nan, shekara goma sha biyu ke nan, Sahabi na zuwa Gulma kowace Sallah, ita kuma tana aika masa sabuwar shinkafa Badariya, unguwar da yake zaune. Maganar mashigi ba su taɓa ɗaga ta ba. Zumuncin nasu ya zama kamar tukunyar da aka liƙe, tana riƙe ruwa muddin ba a buga ta ba.

Amma abin da ba ta faɗa ba ya sami ƙofa. Shekara guda bayan rasuwar Abbas, tana tsakiyar daka, waƙa ta fito mata:

Zalɓe na tsaye bakin gulbi,
Ƙafa doguwa, zuciya gajera.

Mata suka cafe. Waƙar ta bi amare zuwa Argungu da Augie, kowa na yi wa ragon miji dariya da ita. Da yawa ma sun ɗauka tun kaka da kakanni take.

Haka aka zauna har jikarta Ilham, ɗiyar Mansura, ta kai shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, sashen Hausa, aka ce kowa ya rubuta kundi. Ta zo Gulma da waya da littafi ta zauna bakin wurin shanya.

"Kaka, wannan zalɓen naki mu dabbantarwa muke ce masa. An ɗauki mutum an mai da shi dabba."

"Zalɓe tsuntsu na, ja'ira. Shekara uku kina kwaleji ba ki san tsuntsu ba?"

"To ai haka sunan yake a littafi. Layin nan da 'yan amshi ke maimaitawa kuma shi ne gindin waƙa. Sauran da kike jerowa ɗiyan waƙa ne."

"Ashe waƙata ɗiya gare ta. Allah shi raya."

Hajaratu ta ji daɗin abin fiye da yadda ta nuna. Ba a taɓa zama an tambaye ta yadda take ƙulla waƙa ba. Ta rera wa wayar duk abin da ta sani, har wasu ɗiyan waƙar zalɓe da ba ta taɓa bari 'yan amshi su ji ba.

Bayan wata ɗaya Ilham ta dawo ido jawur. Malamin da ke duba kundinta, Malam Abdussamadu, ya cika mata babi na huɗu da jan biro. Ta karanta wa kakarta abin da ya rubuta a gefe: wannan habaici ne, to wa ake yi wa? Mene ne dalilin yin waƙar? Ba a warware jigo da ka. In ba ta kawo amsa ba, ba zai sa hannu ba, sai ta maimaita shekara.

"Habaici ai ba a tambayar mai shi," in ji Hajaratu. "Wanda ya tsargu, shi na."

"Na faɗa masa. Ya ce wannan dokar mawaƙa ce, ba ta masu nazari ba."

Sau uku yarinyar na zuwa. A na uku ta zauna kawai tana share hawaye da bakin hijabi. Hajaratu ta dube ta ta ce, "Wa zai karanta abin ga?"

"Malam kaɗai. Daga nan sai a jera shi a kanta, ƙura ta ci."

A tunanin Hajaratu, takardar makaranta rijiya ce, abin da aka jefa ciki ya tafi ke nan. Ta kori awaki, ta jawo kujera, ta faɗa wa jikarta abin da ba ta faɗa wa mijinta ba.

Wata biyar bayan haka, ranar wata Asabar da safe, tana kwashe shinkafa daga ganga, waya ta yi ƙara. Sahabi ne, muryarsa har rawa take don murna.

"Hajo! Ashe haka kika zama babba, mu ba labari?"

"Yaya, ina kwana. Lahiya dai?"

"Lahiya lau. Kwana uku rediyo na sanarwa. Shirin adabi, yau, huɗu da rabi. Wani malami zai yi nazarin waƙar Hajaratu Gulma, waƙar zalɓe! Na gaya ma Malam Arzika da dut 'yan majalisarmu, kowa shi zo da kunnenai. Har sabon batir na sawo."

Ludayin da ke hannunta ya faɗa cikin ganga. Ta ji kanta tana cewa to, to, madalla, kamar wata ce ke magana daga maƙwabta. Da ya kashe wayar, ta tsaya tana kallon tururi. A Badariya Sarkin Ruwa ake ce wa Sahabi, don labaran kamun kifi da yake bayarwa a majalisa. Mutumin da ya gina tsufansa a kan wannan suna, yau za a kwance shi a gaban abokansa, da muryarta. In ya juya mata baya a wannan karon ba sauran uwar da za ta haɗa hannuwansu, sai dai kalmar da ta bari.

Ta bar shinkafar a wuta, ta ce wa maƙwabciya ta duba, ta hau kabu-kabu zuwa Argungu. Ta sami Ilham tana wanki a gidan Mansura.

"Mi kir rubuta?"

Ilham ta ga fuskarta ta miƙe tsaye, kumfa na zuba daga hannunta. Ita ma sai a lokacin ta ji zancen rediyo. "Ban sa sunansa ba, Kaka, wallahi. Cewa na yi yayanki."

"Yayye nawa gare ni?"

Ilham ta zaro wayarta. Ta kira lambar Malam Abdussamadu sau biyar, a kashe. Ta kira wata ƙawarta, aka ce ya tafi ta'aziyya ƙauyensu, can kuwa waya ba ta shiga. Ba su tsaya shawara ba suka nufi tasha.

A motar Birnin Kebbi direba ya kunna rediyo. Ba su yi nisa ba aka sako sanarwar, sai Hajaratu ta ji muryarta ta cika motar, ƙafa doguwa, zuciya gajera. Wata mata mai kwandon albasa a cinya ta kama amshi tana kaɗa kai.

"Wagga waƙa da ita nika gyara maigidana," in ji ta. "Da na ɗauko ta sai ka ga ya ɗau kalme ya yi gona."

Mota ta ɗauki dariya. Hajaratu ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Duk garin da suka wuce sai ta ga kamar kowane gida da rediyo a bakin ƙofa.

Ƙarfe ɗaya ta wuce suka isa gidan rediyon. Maigadi ya ajiye su a benci kusan awa guda kafin wata mata mai tabarau ta fito, Hajiya Ruƙayyatu, mai kula da shirye-shiryen ranar. Ta gaida Hajaratu har da russunawa.

"Mama, ke ce mai waƙar? Kai, yau mun yi baƙuwa."

"Ɗiyata, roƙo niz zo yi. A hidda shirin ga."

Matar ta cire tabarau. Ta ce an naɗe shirin tun Talata, yana jere cikin na'ura da sauran na yau. Ita ba ta da ikon cire shi sai da izinin shugaban sashe, shi kuwa ba ya zuwa ranar Asabar.

"To ko malamin ya hwaɗi wanda anka yi ma waƙar?"

"Mama, shiri nawa nake saurara a mako? Na dai tuna ya yaba miki ƙwarai."

Ta yi alkawarin za ta nemi shugaban a waya, in an dace. Yadda ta faɗi in an dace ɗin ya ishi Hajaratu amsa. Ta bar Ilham a nan ta ci gaba da jira, ita ta tari mai keke zuwa Badariya. Abu ɗaya ya rage mata: ta riga rediyo. Ya ji daga bakinta, a cikin ɗaki, ba a gaban mutane ba. Duk hanya tana jera maganar tana rushewa.

Uku da kwata ta yi sallama. Sahabi ya fito daga ɗaki da gudun tsofaffi, dogo har yanzu, ya ɗan ranƙwafa.

"Sauda! Hito ki gani, ga mai waƙa da kanta! Wallahi Hajo kin kyauta. Ke da za ki saurara Gulma, kin ce sai tare da yayanki."

Matarsa Sauda ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Aka shiga gaisuwa: mutanen Gulma, Mansura da yara, ruwan bana, ciwon gwiwa, wanda ya rasu da wanda ya haihu. Hajaratu na amsawa, idonta na kan agogon bango. Maganar shekara talatin da uku ba a ɗauko ta da ƙurar hanya a ƙafa, ba a kuma ɗauko ta gaban matar mutum. Ta ce a ranta bari Sauda ta tashi. Sauda ta tashi ta dawo da tuwo, ta zauna.

"Ci, Hajo. Ba a magana da yunwa."

Ta kai loma biyu da ƙyar. Ta buɗe baki ta ce, "Yaya," sai ladan ya ɗaga murya. Sahabi ya ɗauki buta.

Daga masallaci bai shigo ba. Ta ji su sun dawo tare, muryoyin maza biyar ko shida, ana jan benci a ƙofar gida. Tagar ɗakin da take zaune tana bayan bencin daidai, katanga ɗaya ce tsakani. Ta roƙi Sauda ta kira shi. Ya leƙo da kai kawai, rediyo a hannu, eriya a miƙe.

"Yaya, don Allah kada ka saurari shirin ga. Zo mu yi magana."

"Kunya ta? Tsohuwa da ke? Bari a ƙare, ga shi sun hwara kiɗan buɗewa."

Labule ya faɗi. Wayarta ta yi ƙara, Ilham ce, tana kuka, ba a sami shugaban ba. Hajaratu ta kife wayar a tabarma.

Daga nan komai da kunne ta gan shi. Muryar Malam Abdussamadu mai laushi ce, irin ta wanda bai taɓa ɗaga ta don neman ceto ba. Ya gaida masu sauraro, ya faɗi sunanta da garinsu, ya ce jigon waƙa shi ne babban saƙon da take ɗauke da shi, kuma jigon wannan waƙa tsoro ne da abin da yake jawowa. Aka sako gindin waƙar. Mazan suka fashe da dariya.

"Wanga zalɓe dai ragon maza na!" Muryar Malam Arzika ce, mai kauri.

"Irinsu nawa munka gani bakin gulbi," in ji Sahabi, dariyarsa ta fi ta kowa.

A cikin ɗaki Sauda na tafa hannu a hankali. "Ni ma da ita nika daka hura," ta ce wa Hajaratu. "Ashe taki ta, ba ki taɓa hwaɗi ba."

Malamin ya bambanta zambo da habaici. Zambo, in ji shi, yakan zana mutum ƙiri-ƙiri da muninsa, habaici kuwa jifa ne a kasuwa, mai shi kaɗai ke jin zafi. Ya ce yanzu a saurari wani ɗan waƙa da ba kasafai ake jin sa ba. Muryarta ta sake fitowa, a hankali wannan karon, yadda ta yi wa wayar Ilham:

Kaza ta zo da ɗa a baya,
Zalɓe ya kwance igiya,
Ya sa ƙafa, ya fid da ƙafa,
Zalɓe ya mai da igiya.

Mazan suka yi dariya kuma, wani na tambayar ina tsuntsu ya sami igiya. Hajaratu ta kasa kunne tana neman dariya ɗaya a cikinsu. Babu ita.

"Habaici ba ya kama suna," in ji malamin, "amma aikin mai nazari ne ya bi sawu. Mawaƙiyar ta shaida wa ɗalibata cewa kazar nan ita ce, ɗan kuwa ɗanta ne da ya rasu a wata shekarar ambaliya. Zalɓen kuma yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya gan ta a tsallake da yaro ba lafiya, ga jirgi a hannunsa, ya kasa hayewa."

Hannun Sauda ya tsaya a sama. A waje ko tari babu. Wani ɗan akuya ya yi kuka can ƙarshen layi, aka ji shi sarai. Hajaratu ta dafa ƙasa da hannu biyu. Jira take ta ji an jefar da rediyo, ko an ture benci, ko ya shigo da abin da zai faɗa wanda ba a mai da shi.

Rediyon bai san abin da ya yi ba, ya ci gaba. Aka sako ɗan waƙa na ƙarshe:

Tun hantsi nike kira,
Har rana ta karya,
Har murya ta mutu a baki.

"A nan kuma," in ji malamin, "mun ga kambamawa, wato a faɗi abu fiye da yadda hankali zai ɗauka don a girgiza mai sauraro. Ba mai iya tsayawa yana kira tun hantsi har bayan azahar. Ƙari ne irin na mawaƙa, kuma ya yi kyau."

"Malamin ga ya yi kure."

Sahabi ne.

"Sarkin Ruwa, bari," in ji Malam Arzika. "Zancen rediyo na."

"Ba ƙari ciki ko kaɗan. Tun hantsi tah hwara. Ban tahi ko'ina ba, bayan giginya ni kwanta. Dut na ji. Anka yi kiran azahar cikin gari tana kira. Daga baya ba suna ka hita ba, iska ɗai. Ina nan kwance."

Hajaratu ta cusa bakin mayafi a baki. Shekara talatin da uku tana zaton ya tafi gida bai ji sauran ba, kuma da wannan zaton ta iya miƙa masa hannu a kan ƙirjin uwarsu.

Wani ya kashe rediyon. Ta ji takalma na ja ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Aka daɗe. Sannan labule ya motsa, Sahabi ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa, bai dube ta ba. Sauda ta zame ta fita tana toshe baki.

"Da kin zage ni ido da ido, Hajo. Da kin tara dangi kin hwaɗi. Shekara talatin mata na daka da ni, har cikin gidana, ina shan hurar."

"Ba ni da inda za ni kai ta, Yaya. In na hwaɗa ma Inna, ta tsine ma. In na haɗiye, ta kashe ni."

Sahabi ya kalli agogon bango.

"Tahi gida. Ba ni iya kallonki yau."

"Yau ɗai?"

Ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa. Sauda ce ta raka ta tasha, inda suka sami Ilham zaune kan dakali, fuska a kumbure. Yarinyar ta durƙusa za ta fara ba da haƙuri, Hajaratu ta ɗaga ta ta ce bakin da ya faɗa shi ke da laifi, su shiga mota.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwarta. A Gulma kowa ya ji. Mata na ganinta sai su sauya zance, masu zuwa sayen shinkafa su daɗe suna gaisuwa suna leƙen fuskarta. Waya na ƙara gabanta ya faɗi, in ta duba ba shi ba ne sai ya sake faɗuwa. Sau biyu ta kira, tana shiga ba a ɗauka. Sabuwar shinkafa ta shigo, ta auna nasa ta ɗaure, ta kasa aikawa, don in aka dawo mata da buhun to magana ta ƙare. Ta riƙa mafarkin uwarta zaune bakin gado ta juya mata baya. Ta rame har zobe na zamewa daga yatsarta.

Ranar wata Laraba, mako na bakwai, tana tsakar gida tana tsince tsakuwa, ta ji sallama daga waje. Ba ta buƙaci a faɗa mata ko wane ne ba. Ta miƙe ta fita. Ta same shi tsaye a rana, ya ƙi shiga zaure, hularsa duk ƙura.

"Yaya, sannu da hanya. Shigo."

"Nuna man inda anka sa Abbas."

Ta dube shi. "Yaya, mata na zuwa rufe gawa? Riskuwa as sani, shi ko ya riga mu. Cewa ɗai yay yi wajen gabas, inda aka sa yara."

Ya gyaɗa kai ya juya. Ta zari mayafi ta bi shi daga nesa, har inda hanya ta rabu da shingen maƙabarta, ta tsaya nan gindin wata bedi. Tana hangen sa. Wajen gabas ɗin ruwan shekaru ya baje shi, ƙananan tudun sun kusa zama ɗaya da ƙasa, ba alama ba suna. Sahabi ya tsaya a na farko ya ɗaga hannu. Ya matsa na biyu. Haka ya riƙa bi, layi bayan layi, yana tsallake ƙaya, wani wurin sai ya durƙusa ya tabbatar kabari ne kafin ya tsaya. Bai bar ko ɗaya ba.

Da ya fito idonsa ya kaɗa, gwiwoyin wandonsa sun yi ja da ƙasa. Ya zo daidai bedin ya tsaya, a karon farko ya dube ta.

"Suna da yawa, Hajo."

"Suna da yawa."

Suka kamo hanyar gida, shi gaba ita baya. Tana lura da ƙafafunsa, don a mararrabar kasuwa ne hanyar tasha ta ware hagu. Da suka iso nan ya ɗan rage tafiya. Sai ya miƙe dama. A ƙofar gidanta ya cire takalmi, ya shiga zaure ya zauna a kan buhu.

"Akwai sauran ɗumame?"

"Sai dai in dafa sabo."

"Dafa," in ji shi. "Ina nan."